Majanyin Bakwaini na Mama Asabe

Kullum da hantsi Mama Asabe Nathaniel za ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta shimfiɗa yadi a kan tebur a shagonta da ke bayan kasuwar Haɗeja, ta ja shi tsaye, ta ja shi kwance, kafin ta taɓa almakashi. Yadin nan ne mai laushi da gashi-gashi, irin na bargon jarirai. Teloli ba sa ƙaunarsa: ga santsi, ga talewa kamar roba, ga gashin da ke cika maƙogwaro. Ita kuwa sai ta jera masa fil kusa-kusa, ta sa tsohuwar jarida a ƙarƙashi don kada ya zame, ta taka keken ɗinki a hankali. Shekara goma sha tara ke nan.

Ni Huseina, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a hanyar Miga. Ba mu da kwalbar saka bakwaini, kuma idan kogi ya cika, hanyar gari yankewa take. Abin da muke da shi majanyin Mama Asabe ne: a ɗaure jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ɗuminta ya rayar da shi. Sirrin ɗaya ne. Yadin gefe guda kawai yake talewa, don haka take yanka shi yadda zai tale ya zagaye uwa, amma ba zai saki ƙasa ba.

Ke ce uwar bakwainin fadama, Mama. Kin zo daga kudancin Kaduna da mijinki malamin makaranta, kin binne shi a nan, kin zauna kina ɗinka wa 'ya'yan masunta abin da zai riƙe ransu.

To, bara wata ƙungiya ta zo. Suka yaba, suka ɗauki hoto, suka tafi da majanyi ɗaya. Bayan wata huɗu sai ga su da guda ɗari uku, ɗinkin ɗan kwangila, kowanne da tambarinsu ƙato a gaba. Aka kafa rumfa, aka kunna lasifika, wani mai babbar riga ya ce wai fasaharsu ce. Fasaharsu! Ko kujerar roba ba a ajiye wa Mama Asabe ba. Wallahi har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Sati biyu bayan haka Bintu, matar wani masunci, ta haihu a wata bakwai. Muka ɗaura mata ɗan da sabon majanyi. Tana miƙewa yadin ya saki, yaro ya sulale har cibiyarta, hancinsa a danne. Da ban waiwayo ba, da wani zancen ake yi.

Na zuba sauran majanyan ƙungiyar a buhunhuna, na hau adaidaita sahu har shagonta, ina huci. So nake ta tsine musu in ji sanyi. Ta ja yadin sau ɗaya.

"A karkace suka yanka," in ji ta. "Yaron yana numfashi?"

"Yana yi, Mama. Amma mutanen nan sun cuce ki!"

"Miƙo min reza, 'yata. Surutu ba zai ɗumama shi ba."

Haka ta dinga farke su ɗaya bayan ɗaya, tana juya yadin, tana haɗa biyu ta fitar da ɗaya. Na ce ta yanke tambarin ta jefar, ta ce cire shi zai huda yadin, iska ta shiga. Shi ya sa duk wanda ya bi ta hannunta, tambarinsa a kwance yake. Mun aika wa ƙungiyar saƙo sau uku. Amsar da muka samu ita ce, mu ne ba mu iya ɗaurawa ba. Ku ji rainin hankali!

Yanzu idonta ya yi rauni, gashin yadi ya bar mata tari. Ƙarshen watan nan 'yarta Precious za ta zo ta tafi da ita gida. A duk garin Haɗeja mai teloli a kowane lungu, ba wanda ya taɓa zama kusa da ita ya koya. Kunya ce a kanmu duka, har da ni.

Mun gode, Mama. Ɗan Bintu, Sunusi, yana tafiya da ƙafarsa. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiya.

Ku kuma matan da ke da keke, kwana goma sha takwas suka rage, ga buhu guda ba a farke ba. Ku je ku zauna ta nuna muku. Kafin nan, duk uwar da aka miƙa wa majanyi, ta duba gabansa: in tambarin a kwance yake, hannun Asabe ne. In a tsaye yake, kada ki sa ɗanki a ciki.