Jan Rogon Kawu

Jiya ɗana ya ce zai tuge tsohon rogon bayan gida ya dasa na zamani. Na ce, "Ranka ya daɗe, shugaban manoma, a bar wa talaka kunya biyu."

Irin marigayi Kawu ne. Ganyensa kamar tafin hannu, kuma in ka kankare bayan saiwar sai ka ga ja-ja a ƙarƙashi. Duk ƙauyenmu ba mai shi yanzu sai ni.

Shekarar da idanun Kawu suka tafi, ina aji uku a makaranta, a jaki na kai shi gona. Ya zauna, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ƙamshi, yana shafa kowane karan rogo da babban yatsa kafin ya miƙo mini in dasa. "Idon karan ya dubi sama, Malam mai aji uku. In ka kifa shi ba zai yi kirki ba." Can ya ce, "Kada irin nan ya ƙare a hannunka."

Yaron ya bar mini kunyoyin, yana gunaguni. Yau da safe na dasa, da lalube, don nawa idanun ma sun fara sallama.

Allah Ya haskaka kabarin Kawu, Ya ba ni wanda zan miƙa wa.