Tokar da ta jiƙe a jirgin Banufe

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Jiya masu gyaran titi suna narka kwalta a bakin layinmu a unguwar Hashimi, ni kuwa da furfurata na jawo kujera na zauna kusa da tukunyarsu ina shaƙa, kamar mai jiran a sauke miya. Matar da ke haya a ɗakin gaba, 'yar kudu ce, ta tsaya ta dube ni ta tambaya ko Baba ba lafiya. Na ce lafiya lau. Ta ina zan fara gaya mata cewa cikin warin nan na girma, kuma cikinsa na tafka wautar da ta fi duk sauran wautata? Aji biyu na yi a makaranta aka ce in je gida in huta, don haka in kun ga zancen ya karkace ku yi haƙuri, hannun guduma ne ya riƙe alƙalami.

A bakin Gurara na tashi, ta wajen Gawu, lokacin da Sulejan nan ake kiranta Abuja, kafin manya su ga sunan ya yi musu kyau su ɗauke. Ubana ya rasu ban san shi ba, sai na faɗa hannun baffana, wanda ya gaji wurin gyaran kwalekwale daga kakanmu. Wurin ba wani abu ba ne: rumfa ɗaya, rabin durom na narka kwalta, da jirage a kife kan gungume kamar shanu sun kwanta. Masunta na kawo nasu, 'yan fito masu ƙetarar da matan Gwari da doyarsu ranar kasuwa na kawo nasu. Wasu kuma in ruwa ya cika su ɗaure jirgi a wurinmu mu yi musu gadinsa har kogi ya sauka.

Da rani katako yakan bushe ya buɗe baki. Aikinmu shi ne a bi kowace tsaga a cusa auduga da tsumma da bakin ƙarfe, a zuba kwalta mai zafi a kai. Amma ba a miƙa wa mai jirgi jirginsa haka kawai. Kakanmu ya bar wata ƙa'ida: a barbaɗa busasshiyar toka a cikin jirgin daga kai har gindi, wanda ya yi gyaran ya shiga da kansa ya tuƙa zuwa wancan ƙetare ya dawo. In toka ta dawo fara, aiki ya yi. In ta yi baƙi ko da faɗin tafin hannu ne, akwai yoyo, kuma kowa ya ga kunyarka da idonsa.

Wanda ya fi kowa iya aikin wani tsohon Banufe ne. Tare da kakanmu suka kafa rumfar, shi ya koya wa baffana riƙon gizago. Ba mata, ba ɗa, ba wanda ya san garinsu. Abin da ya mallaka ɗaki ne a bayan rumfa da kwanon tuwo daga gidanmu safe da yamma. Sa'ad da na yi wayo yanar ido ta riga ta makantar da shi, sai da yatsu yake gani. Ya bi katako da hannu a hankali, ya tsaya, ya ce nan, in an duba kuwa nan ɗin ne.

Baffana ya gaji da shi. Yana son ɗakin ya sa buhunan gawayi, yana kuma jin haushin masunta da ke tsallake shi su ce Baba Banufe suke so ya taɓa musu jirgi. Sai dai kakanmu ya ɗaure shi da wasiyya a gaban mutane: kada a kori tsohon muddin tokarsa na dawowa fara. Shekara da shekaru baffana na tsayawa a bakin ruwa yana leƙa jirgi, toka na dawowa fara, shi kuma yana komawa rumfa da baƙar fuska.

Ni fa baffana bai taɓa dubana da rahama ba. In ya kira ni, ko aike ne ko bulala. Wata rana don neman tsokana na ɗauke gudumar tsohon daga hannun damarsa na mayar hagu. Ya yi ta lalube a ƙasa yana shafa yashi. Sai na ji wani sauti a bayana da ban taɓa ji ba, ashe baffana ne ke dariya. Daga ranar na sami sana'a. In sa masa tsakuwa cikin ƙusoshi, in ɗaure bakin wandonsa da igiyar jirgi, in canja masa butar alwala da ta kananzir. Tsohon bai taɓa kai ƙarata ba. Abin da ya fi muni, in masunta sun ba shi gasasshen kifi, ni yake kira ya raba biyu ya ba ni wajen da ba ƙaya. Ina ci kuwa. Ban taɓa ƙi ba.

Gab da faɗuwar damina aka kawo babban jirgin fiton kasuwa, kuma mai shi ya ce tsohon yake so. Kwana uku yana kansa, yatsunsa duk sun ƙone da kwalta. Ranar gwaji ta faɗo ranar kasuwa, bakin ruwa cike da mata da kaya suna jiran a ƙetarar da su. Aka barbaɗa toka. Tsohon ya zauna a gindi da filafili, ni aka sa ni a gaba in zama idonsa, in riƙa cewa dama, hagu.

Mun je lafiya. Toka fara fat kamar garin tuwo. A hanyar dawowa akwai wani dutse da ke kare jirgi daga idon mutanen gaɓa na ɗan lokaci. Ba zan ce Shaiɗan ba, don Shaiɗan ma na san ya yi mamaki. Na dubi tsohon, idonsa na kallon sama yana tuƙi yana ɗan waƙarsa da Nufanci. Na durƙusa kamar mai gyara zama, na kwance mazagi, na saki fitsari a kan tokar, daidai layin da ya fi wahala a kansa. Ina yi ina cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini. Abin da ke raina kawai yadda baffana zai ƙyalƙyace.

Bai yi dariya ba. Da jirgi ya taɓa yashi baffana ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sai ya juya a natse ya kira mai jirgi, ya kira masunta, har matan da ke jira ya ce su matso su zama shaida. Sannan ya kamo hannun tsohon, ya ja shi har ya durƙusa, ya danna tafinsa cikin jiƙaƙƙiyar tokar.

"Taɓa da kanka, tsoho, tunda idon ya ƙi. Kada gobe a ce na yi maka sharri."

Tsohon ya bar hannunsa a wurin, ya daɗe. Ni na soma ja da baya, don na san yatsun nan ba a ɓoye musu komai. Baffana ya juyo gare ni ya tambaya, ni da nake gaba, ko na ga ruwa na shiga. Na ce na gani, ta ƙarƙashin katako na biyu. Har na ƙara da kwaikwayon yadda tsohon ke lalube, mata suka fashe da dariya, wata ta ce Allah ya tsare su da makaho ya nutsar da su da doyarsu. Tsohon ya miƙe, ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Na ji."

Kafin azahar an fitar da tabarmarsa da ƙunshin kayansa. Gizagonsa baffana ya ce na rumfa ne, ya karɓe. Kwanon tuwon ma aka ce na gida ne. Shi kuwa jirgin, ina tsaye baffana ya sa aka share tokar, bai taɓa ko tsaga ɗaya ba, ya ce wa mai shi an gyara, a ɗebi mutane. Jirgin nan ya yi damina da yawa yana fito ba ɗigo. Ashe baffana ma ya sani. Ranar ya sa aka zuba mini nama a tuwo, na cinye, na siɗe kwano.

Ni na gaji rumfar daga baya, na riƙe ta har gada da motoci suka cinye fito, masunta suka koma jiragen roba da ba su san auduga ba. Duk tsawon shekarun ban taɓa barin yaro ya shiga jirgin gwaji da ni ba, mutane na cewa tsabar iya aiki ne. Yanzu ina zaune cikin gari, masu haya na tashi da asuba su tafi aiki Abuja, suna gaishe ni da ladabi, suna cewa Baba mutumin kirki ne mai ban dariya. Idona na hagu ya soma yin hazo, jikokina sun fara ɗauke mini carbi su ɓoye, uwarsu na yi musu faɗa, ni kuma ba ni da bakin tsawatawa.

Ban san inda tsohon ya ƙare ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Ni aka sa na raka shi bakin hanya ranar, ina ɗauke da ƙunshinsa, shi yana dafe da kafaɗata don kada ya yi tuntuɓe. Muna cikin tafiya har na soma murna cewa bai gane ba. Da ƙarar mota ta taso daga nesa ya karɓi kayansa, ya shafa kaina kamar yadda yake shafa katako, sannan ya ce:

"Tun ba a haifi ubanka ba nake sa hannu a ruwan Gurara, ɗana. Ban taɓa jin sa da ɗumi ba sai yau."