Gangamau a Dardumar Baba

Sai da na ji ɗumi a yatsun ƙafata na ɗaga ido daga littafin. Wata Alhamis ce da hantsi, a gidanmu na Ƙofar Kibo, shekarar da aka sa ni makaranta, Turawa ba su tafi ba tukuna. Inna ta aike ni in kai mata ƙwaryar ruwan gangamau da take rina kabar faifai, ni kuwa na riƙo ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da littafi. Rabin ruwan ya tuntsire a kan dardumar Baba da aka shanya a tsakar gida, wadda kakanmu ya zo da ita daga Makka a ƙafa.

Da ƙyar Baba ya yarda na shiga boko, ya kuma ce, "Ran da ta sa ki ɓarna, ran nan kin bar ta." Yana Kano, washegari zai dawo.

Na ja dardumar bayan rumbu, na ɗauko sabulun salo na hau cuɗawa. Maimakon ya fita, sai rawayan ya rikiɗe ja wur kamar jini. Na yi zaton fushin Allah ne ya sauko mini. Ina cikin haka Kaka ta same ni, ta fashe da dariya.

"Ke 'yar boko, wa kika yanka? Sabulu a kan gangamau! Tsinko mini lemon tsami."

Ta ɗauraye, ta matsa lemon, jan ya koma rawaya a idona. Ta ce sauran aikin na rana ne. Yini biyu ina gadi, ina korar kaji, ina jan dardumar zuwa rana duk lokacin da inuwa ta matso.

Bayan la'asar ta Juma'a Baba ya shimfiɗa ta. Tabon ya kwanta, amma bai ɓace ba. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi?"

"Ni ce, Baba."

"Wa ya wanke?"

"Ni da Kaka."

Ya shafa wurin da tafin hannu. "To, ai ta sallatu. Litinin kada ki makara."

Yanzu na gama sakandare, Kaka ta rasu. Har yau idan abu ya zube, sai in ruga neman lemon tsami, ba kuma wanda zai yi mini dariya.