Turakun Bakin Tafki

Duk wanda ya zauna a Samaru har fankarsa ko dutsen gugarsa ya lalace, da wuya bai san Ɗanmalam ba. Shan-inna ta cinye masa ƙafafu tun yana goye, amma ba ta taɓa hannuwansa ba, balle bakinsa. In ɗaliba ta kawo masa abin dafa ruwa da ta ƙona, sai ya gyara ya haɗa mata da faɗa kyauta. Yana da raha, sai dai abu ɗaya ba ya ɗaukarsa da wasa, wato a yi masa kallon mabaraci. Ya yi rarrafe har ya zama saurayi, ya san yadda idon mutane ke sauka kan wanda ke ƙasa. Ranar da Ejike, mai walda a Sabon Gari, ya ƙera masa keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, Ɗanmalam ya rantse gwiwarsa ta gama taɓa ƙasa a gaban jama'a.

Akwai wani tafki ta wajen hanyar Bomo, can yake zuwa da la'asar ya jefa fatsa. Bai cika kama komai ba. Matarsa Zubaidatu takan ce abincin yamma kawai yake kai wa kifayen. Shi dai a nan yake samun iska, babu mai kiransa, babu mai tausaya masa.

Ana nan sai aka kewaye wurin aka mai da shi wurin shaƙatawa. Aka shimfiɗa siminti zagaye da ruwan, sumul, babu matakala ko ɗaya, har da allo mai hoton keken guragu a ƙofa. Ɗanmalam ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya yi ta zagaye tafkin har kafaɗunsa suka yi tsami.

To, hanya mai kyau ba ta ɓuya ga 'yan acaɓa. Suka mai da ita ratsen zuwa Bomo, wasu har wankin babur suke yi a bakin ruwan. Da ɗaya ya banke wata tsohuwa, masu kula da wurin suka fusata, suka kafa turakun ƙarfe a ƙofa, suka auna tsakaninsu yadda kan babur ba zai wuce ba. Babu wanda ya tuna keken gurgu ya fi babur faɗi.

Ɗanmalam ya gwada ta gaba, ya gwada da baya, ƙarfe ya ƙi.

"Ai hanyan naku ne, Baba," in ji mai gadi. "Bari in ɗauke ka cak, sai mu ɗaga keken ta sama."

"Ni buhun masara ne? Kira min babbanku."

Babban ya ce a yi haƙuri, magana tana ofis. Ɗanmalam ya koma Sabon Gari ya roƙi Ejike ya matse ƙafafun bayan keken. Ejike ya girgiza kai. "Maigida, in na matse, kwana ɗaya za ka sha ka kife. Ba da hannuna ba."

Damina ta wuce yana zuwa ƙofar yana hangen ruwan ta tsakanin ƙarafa. Abin ya ci shi ƙwarai, har faɗan da yake yi wa ɗalibai ya ragu. Wata la'asar ya ga wurin babu mutane sosai, zuciya ta rinjaye shi. Ya ɗaure keken a jikin turke, ya sa silifa a tafukan hannu, ya ciji fatsarsa, ya sauka ƙasa. Simintin na da zafi. Ya ja jiki ya wuce turakun, ya nufi inda ya saba zama.

Bai yi nisa ba wata mata mai motsa jiki ta rage sauri a gefensa. Ta buɗe jaka, ta sunkuya ta ajiye kuɗi a gabansa.

"Allah Ya ba da haƙuri, Baba. A sa mu a addu'a."

Ya so ya ce mata shi mai gyaran fanka ne, yana da shago, yana da mata da 'ya'ya. Fatsa na bakinsa, hannuwansa biyu na ƙasa suna riƙe da shi. Kafin ya tofar da ita, matar ta sha kwana.