Hulata Tana Wurin Baba Kyari

Duk wanda Baba Kyari wanzami ya taɓa yi wa aski a cikinku ya san da abin da zan fara: hula. Kana zama a tabarmarsa, gindin ceɗiyar nan ta Ƙofar Wambai a nan Bauchi, tun bai buɗe zabira ba, tun bai jiƙa maka kai ba, sai ya zare hularka ya tura ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Dara ce ko zanna mai tsada, ba ruwansa. Sannan ya karkata kai ya ƙare maka kallo, ya ce, “To, kai kuma wane iri ne?”

Ka ce Bakano ne, ya tambaye ka ko gaskiya ne a garinku har inuwar bishiya ana yi wa ciniki. Ka ce Bayarabe ne, ya ce ka yi magana a hankali, a nan ba kurame ba ne. Ka ce Bafulatani ne kuwa, ka shiga uku, domin shi Babarbare ne, tun daga kakanka na bakwai zai faro. Aska tana tafiya baki yana tafiya, kai kuwa ba damar motsi. Idan ya gama sai ya goge askar, ya naɗe ta ya mayar zabira, ya cire tasa hular ya sunkuyar da kai gabanka, ya ce, “Na gama. Rama.”

In ba ka rama ba, hularka ta kwana a nan.

Akwai wani falke da ya zo daga Kano da kayan koli, mutum mai kamala, ga carbi a hannu. Baba ya wanke shi tas, ya ce rama. Bawan Allah ya yi murmushi ya ce, “Haba Baba, ai na yafe.”

Ran Baba ya ɓaci, na gaske. Ya ce, “Ka yafe? Laifin me na yi maka da za ka yafe? In ka yafe, zaginka na yi ke nan, ni kuwa ban taɓa zagin kowa ba. Zauna ka nemo abin faɗa.”

Falken nan ya zauna yana gumi har aka yi wa mutum biyu aski. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce tsagen fuskar Barebari kamar gonar da aka yi wa huɗa. Baba ya miƙa masa hula yana tsaki, ya ce, “Wannan tun ina goye nake jin ta. Karɓi. In za ka dawo ka zo da sabuwa.”

Babban abokin karawarsa Arɗo Buba ne, mai shanun nan na bayan Ƙofar Ran. Tun kafin in zo garin nan suke yi, Baba na kiransa bawana, shi kuma yana kiran Baba bawana, ba a taɓa raba gardamar ba. Wata rana Arɗo yana sauri zai je kara, kasuwar shanu, sai ya yi dabara, ya sako wata hula a aljihu. Ana gama aski ya miƙe, ya ciro ta ya kafa, ya ce, “Riƙe waccan, na ba ka sadaka.” Bai san da wanda yake yi ba. Baba ya bar mutane a layi, ya bi shi har kara, ya tsaya a bayansa duk inda ya je, ana cikin cinikin bijimi yana cewa, “Jama'a, kada ku sayi komai a hannun wannan, bawana ne ya gudo.” Sai da Arɗo ya juyo ya kwashe masa albarka gaban mahauta, sannan Baba ya ce, “Yauwa,” ya ba shi hularsa ya koma bakin aiki.

Mutum biyu na sani a Bauchi waɗanda ya yi wa aski bakinsa a rufe. Na farko wani Bature ne mai kula da aikin hanya, da ya faɗo daga doki ya karya hannu, aka kira Baba gidansa ya gyara masa fuska. Baturen yana jin Hausa, ya ce, “An ce kana tsokanar kowa. Tsokane ni mana.” Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, kowa yana ramawa da baki, ku kuna ramawa da ɗan sanda. A bari sai ranar da za ku tafi.” Ya kuwa cika alkawari. Ranar da Baturen ke ɗaure kaya Baba ya je ba a kira shi ba, ya zauna a kan malafarsa, ya tambaye shi yadda aka yi mutanen da rana ke dafawa suka ƙetare teku don su mulki rana. Kukun gidan ya ce Baturen ya rama, wai har da hawaye don dariya.

Na biyun ni ne.

Ni Ishaya, Basayi ne daga wajen Bogoro, Kirista, na zo Bauchi neman aikin lebura shekara huɗu kafin 'yancin kai. Ranar da na fara zama a tabarmarsa ya zare hulata, ya tambaye ni wane iri ne, na gaya masa murya can ƙasa, ina kallon yatsun ƙafata. Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ciro hular ya ajiye min a gefe, ya aske ni tsaf, ya ce, “Sauka lafiya, Ishaya.” Haka muka yi shekara huɗu. Ina kallo a yi ta shewa da kowa, in na zauna wurin ya yi tsit. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci min rai. Na ɗauka ƙyamata yake yi.

Ba wai na rasa mai tsokanata ba ne. Akwai Malam Sale, akawun da ke kiran sunayen leburori kowace safiya, ɗan ƙanwar Arɗo, Bafulatanin birni mai alƙalami a aljihun gaba. Alƙalamin nan shi ke cewa ka zo gobe ko kada ka zo. In ya iso kan sunana ba ya faɗa, sai ya ce, “Ina arnen nan? Karen wa ya ɓata jiya a unguwarku?” Wani lokaci har haushi yake yi min. Leburori su yi dariya, ni ma in yi, in fi kowa ma buɗe baki. Ina da matata Saratu da yara biyu a ɗaki ɗaya a wajen gari, ba gona, ba kowa. In koma gida tuwo ya ƙi wuce min.

Ana gobe za a sauke tutar Ingila, ranar Juma'a da hantsi, gindin ceɗiya ya cika maƙil, kowa yana so ya shiga 'yanci da sabon aski. Arɗo na nan, ina nan a layi. Malam Sale ya iso cikin farar riga, aka ba shi hanya ya zauna. Baba ya danne hularsa, ya jiƙa kai, ya fara daga dama yana yi masa ta Fulani. An kai rabi sai idon Malam Sale ya faɗa kaina. Ya ce, “Af, Baba, har da masu cin kare kake yi wa? To a wanke askar da ƙasa kafin a taɓa Musulmi.” Ya ɗan yi haushin nan nasa.

Wasu suka yi dariya. Ni ma na yi, kamar kullum.

Baba ya tsaya. Ya goge aska, ya naɗe, ya mayar zabira, ya ja igiya ya ɗaure. Kan Malam Sale rabi ƙwal yana ƙyalli, rabi baƙi da kumfa.

Malam Sale ya ce, “Baba, ba a gama ba.”

“Na sani. Ka yi wasa a tabarmata, sai an rama.”

“Haba Baba, raha ce kawai. Kai da ba ka bar kowa ba? Dube shi ma, dariya yake yi.”

Baba ya ce, “Ɗazu da aska ke bayan kunnenka, na ce kakanka a ƙwarya aka haife shi, ka yi dariya. Daɗi ka ji?”

Malam Sale ya kau da kai.

“Ka taɓa ganin na ce a rama da aska a hannuna? Sai na ajiye. Kai shekara nawa kana yi wa yaron nan da taka askar a wuyansa?” Baba ya miƙa hannu ya zare alƙalamin daga aljihun Malam Sale, ya tura inda hular take. “Yanzu an ajiye. Ishaya, zo nan. Rama.”

Jama'a, nan take na tuna gida. Na ga Saratu, na ga yara, na ga safiyar Litinin ana kiran sunaye babu nawa. Na ce, “Baba, a bar shi, ba komai.”

Ya ce, “In ba komai, to haka zai tashi ya ratsa kasuwa zuwa masallaci, ba hula, da rabin kai. Kuma ba wanzamin da zai ƙarasa aikin da na fara a garin nan. Ya rage naka.”

Malam Sale ya waiga wajen kawunsa. Arɗo ya ɗaga kai yana ƙirga ganyen ceɗiya. Can Malam Sale ya ce da ni, haƙora a cije, “Faɗi abin da za ka faɗa.”

Na durƙusa a bakin tabarma. Na ce, “Ranka ya daɗe, mu dai an ce muna cin kare. Amma ban taɓa jin Basayin da kare ya kora ba. Ni kuwa da idona na ga Bafulatanin da saniya ta kora.”

Arɗo ya sauko da kai. Ya ce, “Wane Bafulatani?”

Tun da baki ya buɗe, sai na ƙarasa. Na ba su labarin ranar da muke zuba tsakuwa a hanyar Dass, wata saniya mai sabon maraƙi ta ɗago kai kawai ta yi huci. Malam Sale ya watsar da takardu, ya bar takalmi ɗaya a ƙasa, ya haye bayan motar tsakuwa ya kwanta rub da ciki, yana kira, “Ishaya, Ishaya, don girman Allah.” Na kore ta da karan dawa. Na ce, “Ranar ce kaɗai na san ashe ya san sunana.”

Wurin ya ɗauka da dariya gaba ɗaya. Wani mai jiran ƙaho ya faɗi yana dukan ƙasa. Arɗo ya riƙe kai da hannu biyu yana salati, yana cewa, “Saniya, Sale? Da karan dawa aka cece ka?” Baba kuwa ko murmushi bai yi ba, ya juya wajen Arɗo ya ce, “Ka ga irin bayin da nake fama da su.”

Malam Sale ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, amma mai rabin kai da kumfa na bin kunne ba ya iya ɗaure fuska. Sai ta ƙwace masa, ya yi dariya har yana tari. Ya ce, “Wallahi ƙahonta ya kai haka,” ya buɗe hannu iya tsawonsa.

Baba ya kwance zabira. Kafin ya ɗora aska ya ce, “Arɗo, kai ne shaida. Abin da aka faɗa a tabarma, a tabarma yake zama.”

Arɗo ya ce, “Sale, ranar da sunan yaron nan ya ɓace a takardarka, da ƙafata zan kai labarin saniyar nan ruga, gaban kakarka.”

Ranar Litinin aka kira sunaye. Da ya iso kaina ya ɗan tsaya, ya ce, “Ishaya Bogoro.” Na ce, “Ga ni.” Shekara goma sha ɗaya na ƙara a aikin nan. Daga baya ya koma ce min mai kare, ni kuma in na hango shi sai in yi kukan saniya, kuma kun gan shi a gaba-gaba ranar auren 'yata.

Amma abin da na fi riƙewa a ranar shi ne da layi ya zo kaina. Na zauna, Baba ya zare hulata, ina jiran ya ajiye a gefe, sai na ga ta shige ƙarƙashin cinya. Ya ce, “Ashe kana da baki, ka bar ni shekara huɗu ina haɗiye magana? To, mutanen kan dutse, yaushe kuka fara ganin wando?” Ya yi min tatas. Ban taɓa jin daɗin aski irin na ranar ba. Washegari da aka ɗaga sabuwar tuta ina cikin taro da kaina ƙwal, ina tafi har hannuna ya yi zafi.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, na je duba shi da la'asar. Yagana, ke 'yarsa, ke kika shigar da ni, kin tuna. Ya rame, murya ta dushe, amma ina durƙusawa ya miƙo hannu ya zare hulata ya cusa ƙarƙashin matashi. Ya ce, “Yagana, ɗaure karen maƙwabta, Ishaya ya zo.” Ya huta kaɗan, ya ce, “Rama.”

Na buɗe baki, kuka ya zo. Ya ce, “Ragon banza. Je ka nemo, ka dawo gobe.” Na fita kaina a buɗe. Da na dawo goben, na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Bayan kwana uku, Yagana, kika kawo min hular, na ce ki mayar cikin zabirarsa, ban rama ba. To yau ga ku duka, ku zama shaida. Baba Kyari, Babarbare mai wayon tsiya, kai ka kafa doka, kai ka karya. Ka yi wasa ka tafi ba ka tsaya an rama ba. Ko Malam Sale da rabin kai ya fi ka tsayawa.

Na rama, Baba. Amma hular a bar ta inda take.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Yadda ka zaunar da baƙo a tabarmarka har ya zama ɗan gida, Allah ya karɓe ka haka. Amin.