Dami Bakwai da Sunan Babana

Dami bakwai na gero, da bulala ashirin, da sunan mutum guda. Abin da aka ɗora a faifai ke nan ranar wata Laraba, a kakar da na cika shekara goma, a zauren alƙalin garin hakiminmu. Da sassafe muka taso daga ƙauyenmu na wajen Bagwai, ni da Baba da maƙwabcinmu Jatau, muka bar dawa tsaye a gona tsuntsaye suna ci. Zuwanmu na uku ke nan, domin sau biyu ana ce mana Malam alƙali yana da baƙi.

Gonarmu tana iyaka da ta Sarkin Noma, jerin gamba ne kawai ya raba mu. Ɗansa Ilu abokina ne, allunanmu wuri ɗaya suke jingine a makaranta, tare muke kora awaki fadama, mu yi langa har ƙafa ta sage, mu tono gyaɗa mu babbake da karmami. A garinmu kowane gida da irin ƙullinsa na dami, kamar yadda kowace mace ta san kazarta. Namu ƙulli ɗaya ne kawai. Na gidan su Ilu ninki biyu ne, a soke wutsiyar igiyar ta ƙasa, ko an jefo shi daga kan jaki ba ya kwancewa. Abin ya ba ni sha'awa, na ba shi majajjawata ya koya mini. Da girbi ya zo Baba ya bar mini ɗaurin gefen iyaka, na ɗaure bakwai da sabon ƙullin ina jiran yabo, ba wanda ya lura. A makon nan aka kwashe wa Sarkin Noma gero a gona, baransa ya leƙo gidanmu ya ga ƙullin gidansu jingine a gindin rumbu.

Sarkin Noma bai taka zauren ba, wakili ya aiko da shaidu biyu masu manyan riguna. Ɗaya jakunan Sarkin Noma yake ara, ɗaya a zaurensa yake cin tuwo. Ba su ma yi ƙarya ba: sun ce ƙullin na gidansa ne, kuma sun ga Baba yana ɗaukar dami daga bakin iyaka. Da Jatau ya miƙe, sai aka nemi wanda zai tsaya masa cewa shi mutumin kirki ne, a karɓi shaidarsa. Babu mai rawanin da ya san shi. Wakilin ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ai a tsaye yake shan fura a kasuwa, kansa ko hula babu." Aka yi dariya, Jatau ya zauna. Ni kuwa na fasa kuka na ce, "Wallahi ni na ɗaura, a ba ni igiya a gani!" Alƙali ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce, "Yaro, bakinka bai kai ba tukuna." Ilu da ya koya mini, an tura shi wurin kakarsa tun ranar da maganar ta tashi.

A ƙofar zauren aka yi wa Baba bulalar, aka kwashe geron. A hanya, da muka hango rimin garinmu, ya ce mini, "Gobe ka koya mini ƙullin nan, ya fi namu ƙarfi." Tun daga nan ba a sake kiransa gayya ba, ya koma sahun baya a masallaci, a can ya zauna har Allah ya karɓi ransa. Inna takan ce, "Gaskiyar talaka a cikinsa take tsufa."

Yau shekarata arba'in ina fataucin hatsi tsakanin Ɗambatta da Kano, na san mudu. Shari'ar Allah mudu ne cikakke, amma akwai hannun da ke dannawa idan mai riga ya zo, ya shafe baki idan mai warki ne. Ban ce alƙalin nan mugu ba ne. Rumbunsa dai da gaisuwar masu hali ake cika shi. Da a ce daga baitulmali yake ci, da a ce wanda ke cin tuwon mutum ba ya yi masa shaida, da ya aiko muhuti, wato mataimakinsa, ya ƙirga kututturen gonarmu ya gwada da abin da ke rumbu, da maganar ta mutu a wuni ɗaya. Kuma bai kamata a kira manomi shari'a dawarsa tana tsaye ba, don an riga an ci shi tara kafin a saurare shi.

Yanzu ni ma ina da rawani. Bara na tsaya shaida, kafin in rufe baki an rubuta, ba wanda ya tambaye ni ko da idona na gani. Na samu bakin da na rasa ina yaro, wanda zan wanke da shi kuwa yana ƙasa. Wannan cinikin faɗuwa na yi.