Jar Rigar Furofesa a Ƙofar Garke

Shekara ashirin muna ofis ɗaya da Nobesuthu Mafani. Bara ta ajiye aiki, ɗakin ya yi mini faɗi, babu mai zagina da safe. Falsafar Girkawan dauri take koyarwa, tun zamanin da Turawan sashenmu ke miƙa mata kofi ta wanke, a zatonsu mai shara ce. Aikinta tono abin da tsofaffin nan suka faɗa kan mata da bayi da baƙi, ta shanya su a rana. Akwai wanda ya ce mace na da hankali amma ba ta da ta cewa. Shi take kira "surukina".

Da ta zama furofesa, dangin marigayi mijinta suka ce za a yanka sa a ƙauye, a nuna wa kakannin da suka rasu jar rigar da jami'a ta ba ta. A al'adarsu, a cikin garke, wato shingen shanu, ake magana da kakanni, matar da aka auro kuwa ba ta taka shi. Sai ƙanen mijin, Zwelakhe direban tasi, ya ce shi zai sa rigar ya shiga a madadinta.

"Kai da ka bar makaranta ta taga?" in ji ta. "Rigata?"

"To Yaya, bismillah, shiga mu gani."

In ta shiga, ta ɓata da gidan 'ya'yanta. In ta miƙa rigar, da wane ido za ta dubi ɗalibanta, da suka zo mota biyu? Na raɗa mata, "Furofesa, me littafi ya ce?" Ta ce in rufe mata baki.

Ta ɗora rigar a kan zanenta, ɗankwali har gira, ta je ta tsaya daidai ƙofar garken, yatsunta a kan iyaka. Daga nan ta ɗaga murya ta zuba kirarin zuriyar mijinta, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta ce ga abin da ta kawo gidansu, kuma ba ta aike.

Sai Baffa Gcinikhaya, dattijon gidan, ya ce, "Ku jawo san nan ƙofa. Kakannin ai ba kurame ba ne." A nan aka soke san, ya yi kukan da ke nuna kakanni sun karɓa, mata suka ɓarke da guɗa.

Zwelakhe hular Furofesa kawai aka ara masa ya ɗauki hoto, ita ma a karkace ya kafa ta. Har yau hoton na manne a tasinsa.